Faɗuwar Gaba: Bugun Zuciya Na Azarɓaɓi Da Fargabar Da Yake Haifarwa

Gabatarwa

A harshen Hausa, in mutum ya ce gabansa ya faɗi, abin da aka fi fahimta shi ne ya tsorata, ko kuwa jikinsa ya ba shi cewa wani mugun labari yana tafe. Amma akwai masu faɗin haka ba da nufin adon magana ba. Suna zaune lafiya lau, babu wani abin tsoro a gabansu, sai su ji kamar zuciya ta tsaya cak na ɗan lokaci, sa'an nan ta buga da ƙarfi kamar an doki ƙirjin daga ciki. Wanda abin ya fara samu yakan ɗauka ajali ne ya yi sallama. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu, wani kuma ya yi shiru da abin a ransa, yana kwana yana sauraren ƙirjinsa.

Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa a cikin zuciya a irin wannan lokaci, da dalilin da ya sa tsoro ke ƙara rura shi, da kuma yadda za a bambance wanda ba shi da haɗari da wanda ke bukatar likita. Likitoci suna kiransa bugun da ya zo kafin lokacinsa. Don sauƙin magana, a nan za a kira shi bugun azarɓaɓi.

Yadda Zuciya Ke Bugawa

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi zuwa huhu da sauran jiki. Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda in yana hutawa, watau kimanin sau 100,000 ke nan a dare da rana. Abin da ke tsara wannan bugu wani ɗan ƙulli ne a ɗakin sama na dama, wanda yake sakin ɗan ƙaramin tartsatsin lantarki a kan kari. Wasu masana biyu na Birtaniya, Arthur Keith da Martin Flack, su ne suka gano shi a shekarar 1907. Tartsatsin yakan ratsa ɗakunan sama su matse, ya sauka zuwa na ƙasa su ma su matse, daga nan zuciya ta saki jiki ta sake cika da jini.

Sai dai ba wannan ƙulli kaɗai ne ke iya sakin tartsatsi ba. Wasu sassan tsokar zuciya ma suna iyawa, kuma wani lokaci ɗayansu yakan riga malam masallaci. In ya fito daga ɗakunan sama ko na ƙasa kafin lokacin bugu na gaba ya yi, zuciya za ta amsa ta matse. Wannan shi ne bugun azarɓaɓi.

Me Ya Sa Ake Jin Kamar Ta Tsaya?

A nan ne akasarin masu fama da abin suke yi masa gurguwar fahimta. Zuciya ba ta tsallake bugu ba, ƙari ma ta yi. Misalinta kamar mai ɗiban ruwa ne a rijiya. In ya fizgo guga tun bai cika ba, zai zo masa sakayau, kamar ba kome a ciki. In kuma ya bar shi ya daɗe a ƙasa, zai zo a cike maƙil, har sai ya ji nauyinsa a kafaɗa. Haka bugun azarɓaɓi yake zuwa tun zuciya ba ta gama cika ba, jinin da yake turawa kaɗan ne, sau da yawa ma ba a jinsa a jijiyar wuyan hannu. Bayansa akwai ɗan jinkiri kafin tsarin ya koma kan karinsa. A cikin wannan jinkiri zuciya takan cika fiye da kullum, saboda haka bugun da ke biye yakan zo da ƙarfi. Ashe ke nan dokan da ke firgita mutum bugu ne na lafiya, ba shi ne na azarɓaɓin ba.

Wannan ne kuma ya sa aka fi jin abin da dare, musamman in an kwanta a ɓangaren hagu. A lokacin gari ya yi tsit, hankali ba ya kan kome, bugun zuciya ya ragu, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ta yi faɗi, sai mai azarɓaɓi ya sami sararin kutsowa. Da yawa daga cikin masu fama da shi sukan lura cewa da zarar sun tashi suna tafiya da sauri ko wani aikin ƙarfi, sai ya ɓace.

Abubuwan Da Ke Tayar Da Shi

Tun da aka sami na'urar zana bugun zuciya a takarda, wadda Willem Einthoven na ƙasar Holan ya kyautata a farkon ƙarni na 20, har ya sami kyautar Nobel a kanta a 1924, aka soma ganin abin ido da ido. Daga baya Norman Holter na Amurka ya ƙirƙiro wadda ake rataya wa mutum ya yini ya kwana da ita. Da aka riƙa rataya wa masu lafiya, sai aka tarar kaso mai yawa na mutane suna da irin wannan bugu jefi-jefi, galibinsu ba su ma san yana faruwa ba.

Daga cikin abubuwan da ke ƙara shi akwai rashin barci, da gajiya, da damuwa, da shan taba, da barasa, da zazzaɓi, da ƙarancin jini, da juna biyu. Akwai ƙarancin wasu sinadarai na jini, musamman fotasiyam da maganisiyam, wanda gudawa ko amai ko wasu magungunan sa fitsari ke jawowa. Akwai yawan aikin ƙullin nan na wuya wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo. Wasu magungunan mura da na asma su ma sukan tayar da shi. Game da goro da shayi da kofi kuwa, duk suna ɗauke da sinadarin kafin, amma mutane sun bambanta: wani yana ci yana sha ba abin da ke samunsa, wani kuwa ɓari guda na goro ya isa. In aka dubi wannan jeri, ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya fara jin faɗuwar gaba a makon jarrabawa, lokacin da ya haɗa kwanan zaune da goro da zullumin abin da gobe za ta haifar.

Tsoro Da Zuciya

Alaƙar tsoro da bugun zuciya ba sabon abu ba ce a wurin likitoci. A shekarar 1871 wani likitan Amurka, Jacob Da Costa, ya yi rubutu a kan sojojin yaƙin basasar ƙasar waɗanda ke kukan bugun zuciya da ciwon ƙirji da haki, alhali ba a sami wata cuta bayyananniya a zuciyarsu ba.

Abin da ke faruwa zagaye ne. Mutum ya ji dokan farko, ya firgita. Firgita ta sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, wanda aikinsa shi ne shirya mutum don gudu ko faɗa. Shi kuwa wannan sinadari yana sa tsokar zuciya saurin harzuƙa, sai bugun azarɓaɓi ya ƙaru. Bugu da ƙari, mai tsoro yakan mayar da hankalinsa kacokan kan ƙirjinsa, har ya riƙa jin bugun da a da yake wucewa bai sani ba. Daga nan sai yawan taɓa jijiyar hannu, da gudun motsa jiki, da ƙin kwana shi kaɗai, da yawo daga wannan mai magani zuwa wancan. A ƙarshe, ɓarnar da fargaba ta yi wa rayuwarsa takan fi wadda bugun ya yi nesa ba kusa ba.

Mai Haɗari Da Marar Haɗari

Abin da ke yanke hukunci ba ƙarfin dokan da aka ji ba ne, lafiyar zuciyar da bugun ya fito daga cikinta ce. A 1985 Harold Kennedy da abokan aikinsa a Amurka sun buga sakamakon bin diddigin mutum 73 masu yawan irin wannan bugu amma ba su da wata cutar zuciya, na tsawon shekaru. Sun tarar makomarsu ba ta bambanta da ta sauran masu lafiya ba. A ɗaya ɓangaren, wani babban gwaji da aka yi a kan waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ya nuna a 1989 cewa wasu magunguna biyu da aka ba su don danne bugun sun danne shi, amma sun ƙara yawan mace-mace. Tun daga nan likitoci suka daina gaggawar kashe kowane bugun azarɓaɓi da magani. Darasi ne kuma ga mai shiga kantin magani ya sayi ƙwaya da ka.

Duk da haka, lalle ne wanda abin ke damu ya ga likita aƙalla sau ɗaya, a auna hawan jini, a zana bugun zuciya, a duba jini, in da hali a ɗauki hoton zuciyar. Ya zama wajibi a gaggauta in bugun ya zo da suma ko jiri mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko haki, ko kumburin ƙafafu; ko in yana ƙaruwa lokacin aikin ƙarfi maimakon ya ragu; ko in zuciya ta ɗauki gudu a jere ba tsayawa; ko in akwai wani a dangi da ya yi mutuwar fuj'a yana matashi. Haka nan mai hawan jini, ko wanda aka riga aka san yana da ciwon zuciya. Maijego ma kada ta yi wasa da shi, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubuce-rubuce a kan raunin zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wanda alamunsa suka haɗa da haki da kumburi. Sa'an nan in bugun ya yi yawa ƙwarai, ya zarce kashi 10 cikin 100 na bugun yini, yana iya raunana tsokar zuciya a hankali. Irin wannan akwai maganinsa, har ma akan zura siririyar waya ta jijiya a ƙone gurbin da yake fitowa.

Zama Da Shi Lafiya

Wanda aka bincika aka tabbatar masa zuciyarsa lafiya take, aikinsa na farko shi ne ya yarda da sakamakon. Ya daina ƙirga bugu da taɓa jijiya, domin kowace dubawa tana koya wa rai cewa akwai abin tsoro. In dokan ya zo, ya tuna da gugan da ya cika, ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, sa'an nan ya ci gaba da abin da yake yi. Ya ba barci haƙƙinsa, ya sha ruwa isasshe musamman da bazara, ya bar taba. In yana zargin goro ko shayi, ya bari na mako biyu ya ga ko da bambanci. Kada ya guji tafiya da wasanni, domin su ke dawo masa da amincewa da jikinsa. Mai ibada yakan sami natsuwa a addu'a da zikiri, wannan kuwa ba ya hana zuwa asibiti. In fargabar ta ƙi sakinsa har tana hana shi barci ko karatu, to ita kanta ta zama abin nema wa magani, kuma akwai masana halayyar ɗan'adam da suka ƙware a kanta. Su kuma 'yan'uwa da abokai, kada su ce masa raki ne ko tsoro kawai. Abin da yake ji gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce ke bukatar gyara.

Kammalawa

An ga cewa faɗuwar gaba irin wannan ba tsayawar zuciya ba ce, bugu ne da ya zo da wuri, sai jinkiri, sai bugu mai ƙarfi. An kuma ga cewa a zuciya mai lafiya galibi ba shi da haɗari, kuma tsoro ne babban abin da ke ciyar da shi. Abin da ya kamaci mai fama da shi abu biyu ne: ya je a bincika shi don a san ko wane iri ne nasa, in kuma an sallame shi da albishir, ya riƙe albishirin ya koma harkokinsa.