Ko Kun Sani? Rupi, Waya da Rediyon Indiya

Ko kun san takardar kuɗin Indiya, wato rupi, tana ɗauke da harsuna 17? Ban da Hindi da Ingilishi, akwai wasu 15 da aka jera a bayanta.

Daren 8 ga Nuwamban 2016, Firayim Minista Narendra Modi ya fito a talabijin ya soke takardun rupi 500 da 1,000, kusan kashi 86 cikin ɗari na tsabar kuɗin da ke yawo a ƙasar. An yi makonni ana layi a bankuna. Wanda ya ga canjin kuɗin Najeriya na 2023 ya san wannan wahala.

A shekarar 2016 ce kuma aka ƙaddamar da UPI, tsarin biya ta waya, kamfanin Jio kuma ya karya farashin data. Yau mai shayi a bakin titin Mumbai yakan ajiye ɗan akwati kusa da tukunyarsa, da kuɗi sun shigo sai ya faɗi adadin da murya.

Gidan rediyon gwamnati ya samu sunan All India Radio a 1936. Tashar talabijin ta Doordarshan kuwa a Delhi ta fara, a 1959.