Kifin da ya girmi Daular Usmaniyya

Masuncin Tambuwal ko Kebbe ya san giwan ruwa da tarwaɗa, amma can cikin tekun ƙanƙara na Girinland akwai wani kifin shak da ya ba masana mamaki.

A 2016, Julius Nielsen na Jami'ar Kwapanhagan da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan matan wannan kifi guda 28. Ƙwayar idonsu suka auna, domin tsakiyarta ba ta sabuntuwa tun daga haihuwa. Mafi girma cikinsu, mai tsawon mita 5, an ƙiyasta shekarunta 392, in an rage ƙwarai 272. Ke nan ko da ƙaramin lissafin aka ɗauka, ta riga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, zuwa duniya.

Mene ne sirrin? Masana na danganta shi da sanyi, wanda ke sa jiki aiki sannu-sannu. Tsawon kifin kan ƙaru da kamar santimita ɗaya a shekara, tafiyarsa ta hawainiya ce, macen kuma sai ta kai wajen shekara 150 kafin ta isa haihuwa.

Shi ya sa duk wadda ta mutu a komar masunta, maye gurbinta sai jikokin jikoki.