Yatsu Uku a Wuyan Hannu

Yau ƙasar Sin muka nufa, mu ga yadda likitan gargajiya na can yake gano ciwo, da inda ya raba hanya da likitan asibiti.

A ce mutum biyu ne ke fama da gyambon ciki. Likitan asibiti zai nemi awon jini ko na bayan gida, wataƙila ya zura siririyar kyamara ta maƙogwaro. Farautar ƙwayar cuta yake yi, wadda likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. In ya same ta, ciwon ya samu suna, kuma galibi magani iri ɗaya zai rubuta musu.

Likitan Sin kuwa zama zai gyara. Matakinsa huɗu ne: ya duba, ya saurara tare da shinshinawa, ya yi tambaya, ya taɓa. Zai ce ka fito da harshe, ya ga ja ne ko ya koɗe, dattin da ke kansa fari ne ko rawaya. Zai tambayi barcinka, guminka, da ko ruwan ɗumi ranka yake so ko mai sanyi. Sannan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunka, dama da hagu, ya danna a hankali, ya ƙara dannawa. Ba ƙirga bugun jini kawai yake ba, yanayinsa yake ji: mai santsi ne, mai tauri ne kamar tsirkiya, ko ya nutse can ƙasa? Tun ƙarni na 3 wani likitan Sin, Wang Shuhe, ya lissafa yanayin bugun jini iri 24, wani kuma, Li Shizhen, ya kai su 27 a 1564.

A ƙarshe yana iya cewa na farko sanyi ne ya kama masa ciki, na biyu kuma zafi ne ya yi yawa, kowa da nasa haɗin. Wannan magana ta sanyi da zafi dai ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe.

To amma akwai gyara, masu sauraro. Bincike ya sha nuna cewa likitoci biyu kan taɓa hannu ɗaya su faɗi abu biyu. Harshe kuma ba ya nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Sai an ɗiga jini a ɗan tsinken gwaji. Ko maganin wannan zazzaɓi da masaniyar Sin Tu Youyou ta tato daga wani nau'in tazargade, har ta samu lambar Nobel a 2015, tsohon littafin Sin ne ya nuna mata ganyen, amma ɗakin gwaji ne ya tabbatar da amfaninsa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa sunayen ciwo irin na likitancin gargajiyar Sin babi a kundinta na cututtuka, tana cewa don ƙididdiga ne, ba shaidar inganci ba. A asibitocin gargajiya na Beijing a yau, likitan da ya gama taɓa maka hannu shi ne kan miƙo maka takardar zuwa awon jini.