Karen Gadi: Iri Ne Ko Reno?

A taron ƙungiyar manoma da muka yi a Turba bayan girbin gero, wani dattijo ya kawo kukan karensa. Ya saye shi da tsada domin an ce masa iri ne mai zafi. Ya ɗaure shi a gindin bishiya wata shida, yana rage masa abinci, yana dukansa don ya ƙara faɗa. Ran da aka kwance shi, karen bai tsare rumbu ba. Sai ya kashe 'yan awaki biyu na maƙwabci, ya kuma ciji jikan mai gidan a ƙafa. Aka biya kuɗin awaki, aka biya na asibiti, zumunci kuma ya yi tsami.

Tambayar dattijon ita ce: laifin irin ne? Amsarmu, 'yan'uwa manoma, ita ce a'a. Iri yana ba kare kwaɗayin wani aiki, amma reno ne yake ba shi hali.

Karnukan da muke gani

A ƙasar Isa da Sabon Birni iri uku muka fi saduwa da su.

Na fari shi ne karen gida, wanda muka gāda. Yana jure zafi, ba ya neman abinci mai yawa, kunnensa kuwa da kaifi. Mutane suna raina shi don ba a sayensa da tsada, amma ga gadin gida da rumbu da wuya a sami wanda ya fi shi.

Na biyu shi ne dogon karen nan siriri na Buzaye da sauran makiyayan arewa, wanda Turawa suke kira Azawak, da sunan kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali. A shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Da ido yake farauta, ba da hanci ba. Duk abin da ya zabura a gabansa, zomo ne ko zabuwa, zai bi shi. Yana manne wa mutanen gidansu, ba ya sakin jiki da baƙo.

Na uku shi ne karen Jamus da 'yan sanda suke aiki da shi, wanda ake kira Alsashiyan. A shekarar 1899 aka kafa irinsa a Jamus domin kiwon tumaki. Yana da saurin ɗaukar karatu, amma gashinsa mai kauri ne, zafin bazara da kaska suna wahal da shi, cinsa kuma ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu.

To, har ina ƙarfin iri ya kai? A shekarar 2022 masana a Amurka suka buga binciken da suka yi a kan karnuka fiye da 18,000. Suka tarar iri bai bayyana fiye da kashi 9 cikin 100 na bambancin hali tsakanin kare da kare ba. Watau sunan iri ba ya gaya maka ko wannan kwikwiyo zai zama mai cizo ko mai natsuwa. Gara ka je ka ga uwarsa. Idan karya tana haushin baƙo amma tana yin shiru in mai ita ya tsawata, ɗanta abin ɗauka ne. Idan mai firgita ce, mai ɓuya tana gurnani, ka nemi wani.

Makonnin farko

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu binciken Scott da Fuller sun nuna a shekarar 1965 cewa daga mako 3 zuwa kamar mako 12 na haihuwa kwikwiyo yake koyon waɗanda zai ɗauka nasa ne. Abin da bai saba da shi ba a lokacin nan, yakan ji tsoronsa daga baya, tsoro kuwa shi ne uwar cizo.

Saboda haka kada a raba shi da uwarsa sai ya kai mako 8. In ya zo gida, a bar shi ya saba da yara, da mata masu daka, da jaki, da kaji, da ƙarar babur. A hana yara jan wutsiyarsa ko taɓa shi yana cin abinci.

Wanda yake son kare ya tsare garke, sai ya sa kwikwiyon ya riƙa kwana kusa da tumaki da awaki tun yana ƙarami, ana lura da shi. Zai tashi yana ganinsu danginsa ne. Da wannan dabara wata ƙungiya a Namibiya take raba wa makiyaya karnukan tsaron garke tun shekarar 1994, domin rage ɓarnar namun daji.

Yadda ake koyarwa

Ƙa'idar ɗaya ce: abin da kare ya yi ya sami lada, shi zai sake yi. Ga yadda muke bi.

1. A tanadi lada ƙanana: gutsuren ƙuli-ƙuli, busasshen kifi marar ƙaya, ko lomar tuwo. A yi darasi kafin cin abinci.

2. A zaɓi kalmomi kaɗan, kowa a gida ya riƙe su: "Zo", "Zauna", "Bari", "Shiru". In mai gida ya ce "Zo", uwargida ta ce "Taho", kare zai ruɗe.

3. A fara da "Zo". Ka tsuguna, ka kira sunansa, ka ce "Zo". Da ya iso, ka ba shi lada nan take. Kada ka taɓa kiran kare don ka doke shi, gama gobe ba zai zo ba.

4. Don "Zauna", ka riƙe ladan bisa hancinsa, ka ja shi baya kaɗan ta kan kansa. Zai zauna da kansa. Gindinsa na taɓa ƙasa, ka faɗi kalmar, ka ba shi.

5. Don "Bari", ka sa masa igiya, ka bi da shi nesa kaɗan da kaji. In ya zuba musu ido, ka ce "Bari". In ya juyo ya dube ka, lada. Kowace rana ka matsa kusa. Karen farauta zai ɗauki lokaci a nan fiye da karen gida. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Tun a kallon ake tsai da shi, ba sai ya kama ba.

6. Don "Shiru", ka bar shi ya yi haushi sau biyu ko uku in baƙo ya yi sallama, ka fito, ka ce "Shiru". In ya tsaya, lada. Ta haka haushinsa zai zama labari. Karen da yake haushi dare duka, ba mai tashi dominsa.

Minti biyar sau biyu a rana ya isa. Lada ya zo a daidai lokacin aikin. Idan ka dawo daga fadama ka tarar ya fasa ƙwai tun safe, dukan yamma bai koya masa kome ba sai tsoron dawowarka.

Mun san wahalar da ƙasarmu ta sha a hannun ɓarayin shanu da 'yan bindiga. Kada wani ya ruɗe ku: kare ba garkuwa ba ne gaban bindiga. Aikinsa faɗakarwa ne, ya ji motsi tun daga nesa ya tashe ku. Kare mai ƙoshi, mai natsuwa, wanda ya san gida, shi ne yake iya wannan.

Lafiya da maƙwabta

A ba shi abinci kullum, da ruwa, da inuwa. Kada a ba shi albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata masa jini, ko dafaffen ƙashin kaza, domin yana tsagewa a ciki.

In ya kai wata 3, a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a kuma maimaita yadda ma'aikacin dabbobi ya faɗa. Cibiyar Vom ta Jihar Filato tana yin wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, kusan duka daga cizon kare. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan daina yaɗuwa. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi asibiti a ranar. In alamun cutar suka bayyana, ba ta da magani.

Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. Suna ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, amma ba sa son ya lashi ƙwarya ko buta, ko ya taka wurin salla. Mu girmama wannan. Kare mai jin "Zo" da "Bari" ba ya jawo rigima a unguwa.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ƙidaya karnukan 'ya'yanta a taro mai zuwa, a haɗa kuɗi, a gayyato ma'aikacin dabbobi rana ɗaya ya yi musu allura gaba ɗaya. Mai neman kwikwiyo kuma ya nema tun yanzu da rani, lokacin da hannu yake da sarari. Ba a kiwon kare ran farauta.