Bututun da Ake Ɗumamawa a Ƙasar Zafi

A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Kore Mairuwa, in ka ce wa mutum akwai kamfanonin da ke kashe maƙudan kuɗi don su ɗumama bututun ƙarfe a nahiyar nan tamu, zai ɗauka zolayarsa kake yi. Alhali aiki ne da ake yi kullum, yana da ƙwararrunsa da kayan aikinsa da ƙa'idojinsa. Kuma tun da bututun man Nijar ya ratsa ƙasar Arewa ta Dogondutsi da Tibiri a kan hanyarsa ta zuwa teku, duk wata sana'a da ta danganci bututu da tanki ta zama abin da ya kamata 'ya'yanmu su sani.

Bututun nan ya taso ne daga Kulele a yankin Agadem, ya bi ta jihohin Diffa da Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso, ya tsallaka Benin har Seme, tafiyar da ta kusa kilomita 2,000. An ƙaddamar da shi a watan Nuwamba na 2023, an tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 a rana, kamfanin WAPCO na ƙasar Sin ne ke tafiyar da shi. Manomin da ya ga an haƙa rami a gefen gonarsa an binne ƙarfe yakan ɗauka abin da ke gudu a ciki ruwa-ruwa ne irin fetur ɗin da ake zuba wa babur. Ɗanyen mai ba haka yake ba, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wani tsararo ne, wani mai kauri, wani kuma cike yake da kaki. A can ƙarƙashin ƙasa inda yake kwance akwai zafi, don haka kakin a narke yake. Da an fito da shi ya fara hucewa, sai kakin ya riƙa mannewa a jikin bututu, hanya ta riƙa tsukewa, in sanyi ya kai wani mizani man gaba ɗaya ya daskare. Duk macen da ta taɓa samun kwalbar man ja ta sandare da safiyar hunturu, sai da ta ajiye ta kusa da murhu kafin ya zubo, ta san wannan hali. Bambancin kawai shi ne ba a iya ɗaukar bututu mai tsawon ɗaruruwan kilomita a kai shi bakin wuta.

Kuma zafin da muke kuka da shi a doron ƙasa ba ya kaiwa inda bututu yake. A zurfin mita ɗaya ko biyu, ƙasar yankinmu ba ta yin nisa da digiri 30, rani da damina. Man Uganda kuwa sai an riƙe shi a digiri 50 yake tafiya yadda ake so. Shi ya sa bututun da zai kai shi daga Hoima zuwa Chongoleani kusa da Tanga a Tanzaniya, mai tsawon kilomita 1,443, aka tsara shi da wayar ɗumamawa tun daga farko har ƙarshe, aka kuma gina masana'anta a Nzega musamman don yi wa ƙarafan rigar tsare zafi. Kafinsa, wanda ya yi suna a wannan fanni shi ne bututun Mangala na Indiya, mai tsawon kusan kilomita 670, wanda ake riƙe mansa sama da digiri 65. Rajasthan, inda ya taso, hamada ce mai zafi kamar tamu.

Wanda yake son ya ga abin da ke faruwa in ɗumi ya yanke, ya dubi Sudan. Man Sudan ta Kudu da ake kira Dar yana da kaki ƙwarai, ana kuma ɗumama shi ne a tashoshin da ke kan hanya, waɗanda ke aiki da man dizal. A watan Fabrairu na 2024 yaƙi ya hana kai dizal wasu tashoshin, mai ya daskare a cikin bututu, daga baya bututun ya fashe. A watan Maris Sudan ta sanar cewa ba za ta iya cika alkawarin fitar da man ba. Sai da aka shiga 2025 kafin aka koma aiki, kuma a tsakanin nan Sudan ta Kudu, ƙasar da kusan duk kuɗin shigarta daga mai yake, ta yi watanni ma'aikatanta ba su ga albashi ba.

Ba kowane bututu ne ake bi da waya daga tushe har bakin teku ba. Injiniyoyi sukan gwada mizanin da mai ke daskarewa da zafin ƙasar da zai ratsa. Wani man yakan wuce ba tare da an taimaka masa ba, wani a zuba masa sinadarin da ke hana kaki haɗuwa, wani a dafa shi a tashoshi. Amma ko inda babban bututu bai buƙaci waya ba, matatar mai da manyan masana'antu ba sa rabuwa da ita. Kwalta ba ta motsi a bututu sai da zafi mai tsanani. Baƙin mai mai kauri da ake ƙonawa a manyan injinan lantarki sai an ɗumama tankinsa. Farar wuta tana daskarewa in ta sauko ƙasa da digiri 115 ko kusa da haka. Sai kuma 'yan siraran bututun da ke kai mai zuwa ga ma'aunai, waɗanda in suka toshe, mai lura da allo zai riƙa ganin lambobin ƙarya yana aiki da su. A ganina waɗannan ƙananan sun fi haɗari, domin babu mai kula da su sai ɓarna ta auku.

Ita wayar, asalinta ba wani abin mamaki ba ne: lantarki in ya bi ta cikin abin da ke turje masa, yakan haifar da zafi, kamar yadda ake gani a dutsen guga. Gwanintar tana wajen hana zafin wuce gona da iri. Wadda aka fi amfani da ita yau kamfanin Raychem na Amurka ne ya fito da ita a farkon shekarun 1970. Wayoyin tagulla biyu ne a jere, ba sa taɓa juna, a tsakaninsu akwai baƙar roba da aka cakuɗa da garin baƙin gawayi mai laushi. In wuri ya yi sanyi robar takan tsuke, ƙwayoyin gawayin su matso kusa da juna, lantarki ya sami hanyoyi da yawa, zafi ya ƙaru. In wuri ya ɗumama robar ta buɗe, hanyoyin su ragu, zafi ya sauka. Kowane taƙi na wayar yana daidaita kansa da kansa, saboda haka ana iya yanka ta daidai tsawon da ake so, kuma ko ta hau kan 'yar'uwarta ba ta ƙonewa. Rauninta shi ne ba ta zuwa nesa, da wuya layi ɗaya ya wuce mita 200, kuma a lokacin kunnawa da sanyi takan ja wuta fiye da ƙima na ɗan lokaci.

Inda ake buƙatar zafi mai tsanani akwai wata mai rigar ƙarfe, cike da farin garin ma'adini, wadda ke jure ɗaruruwan digiri. Ita ba a yanka ta a wurin aiki, da awonta take zuwa daga masana'anta, kuma in aka bari ta hau kan kanta sai ta ƙone. Ga dogon zango kuwa, irin na Mangala, siririn bututun ƙarfe ake liƙawa da walda a jikin babban, a zura waya a cikinsa, shi siririn ya zama abin da ke ɗaukar zafi. Da wannan dabara tashar wuta ɗaya takan ciyar da kilomita 20 ko fiye.

Wurin sakawa ne ake gane gwani. Ba a ɗora waya a saman bututu, inda ma'aikata ke takawa da ajiye kaya, ba a kuma sa ta a can ƙasa sosai inda ruwa ke taruwa. A gefen ƙasa ake kwantar da ita, a ɗaure da tef na zaren gilashi duk bayan santimita 30. Ɗaurewa da wayar ƙarfe haramun ne a wannan sana'a, domin bututu yana miƙewa yana tsukewa da sauyin zafi, a hankali ƙarfen zai yanke rigar wayar. A kan bawul da mahaɗar bututu da ƙafafun da ke tallafe da shi, ana ƙara tsawon waya, don nan ne ƙarfe ya fi yawa kuma zafi ya fi zurarewa. Mai hankali yakan naɗa ta a bawul ta yadda ran da za a cire shi don gyara, za a warware ta ba sai an yanka ba. Kuskuren da ya fi kama sabon shiga shi ne na ƙarshen layi: mai gyaran wutar gida ya saba haɗa wayoyi don wuta ta zagayo, sai ya murɗe tagullar nan biyu wuri ɗaya. A wannan waya, yin haka tartsatsi ne nan take. Ana raba su ne, a rufe bakin da murfinsa na musamman yadda ko raɓa ba za ta shiga ba.

Sannan gwaji. Ana auna ƙarfin rigar wayar da na'urar da masu aikin ke kira Megger, wadda ke tura wuta har bolt 2,500 don gano ko akwai inda ta tsage. Sau uku aƙalla ake yi: tana naɗe kafin a warware ta, bayan an kwantar da ita, da bayan masu rigar tsare zafi sun gama nasu. Na ukun nan ba a wasa da shi, saboda sau da yawa ƙusar da aka ɗaure kwanon rufi da ita ce ke huda wayar, ba wanda ya gani. Kowane layi kuma dole a sa masa na'urar katse wuta da ke faɗuwa in ɗan lantarki kaɗan, miliamfiya 30, ya zurare zuwa ƙasa. A wurin da iska ke ɗauke da tururin mai, wannan na'ura ce tsakanin ƙaramar matsala da gobara. A ƙarshe a manna alamar gargaɗi a bayan rufin, don wanda zai zo da zarto bayan shekara biyar ya san akwai wuta a ciki.

Wayar ba ta da ƙarfin dafa mai daga sanyi. Aikinta mayar da ɗan zafin da ke zurarewa ne kawai, don haka rayuwarta tana hannun rigar da aka lulluɓe ta da ita, ko ta audugar dutse ce ko ta kumfar roba. Ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi fiye da sau 20. Da damina ta sami kafa a kwanon rufi ta jiƙa audugar, waya za ta yi ta cin wuta bututu yana sanyi, ƙarfe kuma yana tsatsa a ɓoye inda ido ba ya kaiwa. A ƙasarmu ga rana da ke busar da roba har ta tsattsage, ga ƙurar hunturu da ke cika akwatunan haɗa waya, ga ɓeraye masu son wuri mai ɗumi. Lokacin dubawa a nan, a nawa ra'ayin, biyu ne: kafin ruwan farko a toshe kowace kafa, sannan bayan kaka, kafin daren Disamba da Janairu da sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, a sake auna kowane layi a gwada da lambobin bara. Kyamarar da ke ganin zafi takan nuna wurin da ya mutu ba sai an kware rufi ba. Amma littafin da ake rubuta awon kowace shekara ya fi ta amfani, domin shi ne ke nuna layin da ke lalacewa a hankali tun bai faɗi ba.

Duk wannan ya rataya ne a kan wutar da ba ta yankewa, kuma mun ɗanɗana rashinta a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo wuta daga Birnin Kebbi ta Dosso zuwa Yamai. Mun kuma ga cewa bututu yana tsayawa saboda dalilan da ba su da alaƙa da injiniya: rikicin iyaka da Benin ya sa aka rufe bututun Nijar a watan Yuni na 2024 sai a Agusta aka ci gaba da lodi, a watan Yunin 2024 ɗin kuma aka kashe sojoji shida masu gadinsa kusa da Salkam a gundumar Tibiri. Duk masana'antar da za a gina a wannan yanki, tilas mai tsara ta ya tambayi kansa awa nawa abin da ke cikin bututu zai jure in wuta ta ɗauke, da kuma yadda za a tayar da shi ba tare da an matsa masa har ƙarfe ya fashe ba. Tambayar ta fi nauyi a cikin Dallol Mawri, inda ruwan ƙasa yake kusa, rijiyoyi da lambuna duk daga gare shi suke sha. Man da ya malala a nan ba zai tsaya a saman yashi ba.

Abin da ke damuna shi ne rabon da ake ba mu a irin waɗannan ayyuka. Haƙa rami, gadi, tuƙin mota, in aiki ya ƙare kowa ya koma gida. Matatar SORAZ tana aiki a Damagaram tun 2011, an kuma sa hannu a 2024 kan yarjejeniyar fahimtar juna don gina wata a Dosso. Korar manyan jami'an kamfanonin Sin uku da aka yi a watan Maris na 2025, kan bambancin albashi da matsayin 'yan ƙasa, ta nuna hukuma ta san ciwon. Sai dai kujerar ofis ba ita kaɗai ce ake buƙata ba. Sana'ar wayar ɗumamawa ba ta neman babban digiri, tana neman wanda ya iya lantarki, ya iya karanta zanen layuka, ya san ƙa'idojin aiki a wurin da wuta ke iya tashi, yana kuma da haƙurin aunawa da rubutawa. Yaran da ke gyaran wutar sola da injin ban-ruwa a Dogondutsi da Kore Mairuwa sun riga sun yi rabin tafiyar. Makarantar EMIG ta Yamai tana iya horar da malamai, cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi su karɓa daga nan. Kayan koyarwar ba su wuce guntun bututu mai bawul ɗaya, da mita ashirin na waya, da Megger, da na'urar katse wuta ba, kuma ya kamata a rubuta sayensu cikin sharuɗɗan kwangilar duk kamfanin da zai gina matatar Dosso.