Ina za a kai takardun yaro? Zaɓen makaranta a Makka

Bayan sallar isha'i muka tako daga Harami zuwa Misfala, gidan wani ɗan'uwana da ya haura shekara ashirin a Makka. Ba a gama gaisawa ba aka kawo shayi da tsire, tsiren nan da mutanen Hijaz suka ara a wurinmu har da sunansa, suke ce masa siriya. A gefen darduma akwai wata koriyar jakar takardu. Ta ɗansa ce, mai shekara 18, wanda ya kammala sanawiyya, wato sakandare, kuma mako uku ke nan gidan ba shi da zance sai na inda za a kai ta.

"Kawu, kowa da abin da yake faɗa," in ji yaron. "Baba yana son Darul Hadis, Umma ta ce jami'a, abokina kuma ya ce in nemi Amurka tun da wuri kafin a cika."

Wanda bai san zaman Makka ba zai ɗauka yaron da aka haifa kusa da Ka'aba ya gama samun makaranta. Ba haka abin yake ba. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Akwai Hausawan da kakanninsu suka iso a ƙafa ta Chadi da Sudan, musamman bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jikokinsu kuma 'yan ƙasa ne masu laƙabin Hausawi. Su ƙofar jami'a a buɗe take gare su. Amma ɗan mai iƙama, wato izinin zama, irin wannan yaro, sai dai ya nemi abin da ake kira minha ta cikin gida, wato gurbin tallafi da ake ware wa baƙi mazauna ƙasar, kuma guraben ba su da yawa. Wanda ke nema daga Kano ko Maraɗi shi kuma minha ta waje yake nema. Tun 2022 ma'aikatar ilimi ta buɗe shafin intanet guda mai suna Udrus fis Sa'udiyya, inda masu nema daga ƙasashen waje ke shigar da takardu su jera zaɓinsu.

Abin da uwar yaron ke hange shi ne Jami'ar Ummul Ƙura. Tana da hujja. Daga Kwalejin Shari'a ta Makka, wadda aka buɗe a 1949 a matsayin makarantar gaba da sakandare ta farko a ƙasar, jami'ar ta tsiro, ta zama mai cin gashin kanta a 1981. Yau tana koyar da likitanci da injiniyanci ban da shari'a da Larabci, ɗalibanta dubbai ne masu yawa, babban mazauninta kuma yana Abidiyya, can hanyar Arfa. A nan Dakta Ahmad Gumi ya yi digirinsa na uku. Ɗalibin minha yana samun ɗan alawus na wata-wata, wanda ga masu karatun shari'a da adabi bai kai riyal dubu ba. Takardar shaidar jami'ar kuwa ba ta buƙatar dogon bayani a ko'ina. Sai dai babbar jami'a babbar kasuwa ce: yaro mai kunya yana iya shekara huɗu a cikinta ba malamin da ya riƙe sunansa.

Uban kuma zuciyarsa tana wurin ƙananan makarantun da suka girma a inuwar Harami. Darul Hadis ta Makka, Shehu Abduz Zahir Abus Samhi, limamin Harami, shi ya assasa ta a 1352 bayan hijira, wajen 1933. A can Shehu Muhammad Ali Adam ɗan Habasha, wanda ya rasu a 2020, ya daɗe yana karantarwa, shi ne mai sharhin Sunanun Nasa'i da ya kai mujalladi arba'in. Akwai kuma Ma'ahadin Harami da aka kafa a tsakiyar shekarun 1960, da kwalejinsa da ta biyo baya. Tun kafin su akwai Saulatiyya, da Shehu Rahmatullahi ɗan Indiya ya gina a shekarun 1870 da dukiyar wata baiwar Allah daga Kalkata. Abin da ya haɗa su shi ne ƙanƙanta: littafi a buɗe, malami a gabanka, in ka yi fashi gobe a tambaye ka dalili.

Na tambayi yaron me abokinsa ya gaya masa game da Amurka. Ashe ya ji rabin labari ne. Makarantun da ake nufi ƙananan kwalejoji ne irin su Williams, wadda aka kafa a 1793, da Amherst ta 1821, duka a jihar Masachusets. Kowacce ɗalibanta kusan dubu biyu ne kacal. Ba a tura yaro sashe guda tun ranar farko. Yana ɗanɗana tarihi da lissafi da adabi da kimiyya, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya bayyana inda zai ƙware. A Williams har akwai darasin da ɗalibai biyu ne kawai da farfesa: wannan ya rubuto maƙala, wancan ya soke ta, mako mai zuwa su yi musaya. Da na bayyana haka sai uban ya yi dariya, ya ce to ai wannan zaure ne, an dai sa masa kwandishan. Bai yi nisa da gaskiya ba. Almajirin da ke ɗaukar fiƙihu da safe, nahawu da hantsi, lugga da la'asar a gaban malami guda ya san wannan tsari tun kafin ya ji sunan Amurka.

Rabin da ba a gaya wa yaron ba shi ne ɗaurin da ke cikin neman wuri. A tsarin da suke kira yanke shawara da wuri, makaranta ɗaya tak za ka zaɓa. Ka miƙa takardu a farko ko tsakiyar Nuwamba, kai da mahaifinka da mai ba ɗalibai shawara a makarantarku duk ku sa hannu cewa in an ɗauke ka za ka je. Amsa takan fito tsakiyar Disamba. In ta yi kyau, sai ka janye duk sauran buƙatunka. Kamar baiko ne, an sa rana. Kwalejojin suna son haka domin suna cike babban kaso na ajinsu da waɗanda ba za su gudu ba, shi ya sa damar shiga a wannan zango takan fi ta zangon gama-gari. Amma kuɗin shekara guda ya haura dala 80,000, kuma wanda ya ɗaure kansa da makaranta guda ya rasa damar ajiye tayin tallafi biyu ko uku ya gwada su. Amherst tana cikin 'yan ƙalilan da ba sa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, kuma suna cike abin da ya gaza. Yawancinsu suna dubawa. Ga kuma biza, wadda ta ƙara wuya ga mai fasfon Najeriya.

Ƙanwar yaron, da ke zuba mana shayi, ta sa baki cewa ita ba sai ta haye teku ba, Jidda za ta. Tana nufin Effat da Darul Hikma, ƙananan makarantu biyu masu zaman kansu da aka buɗe wa mata a 1999, suna koyarwa da Turanci. Uban ya ce ta fara tara kuɗin tukuna.

Ni dai abin da na gaya musu bai gamsar da kowa gaba ɗaya ba. Na ce suna ta gardamar suna, alhali abu biyu ne za su rayu da yaron. Na farko, wa zai karantar da shi, kuma zai iya isa gare shi? Wannan ba a ganinsa a shafin intanet. Mutumin Makka yana da gatan da ɗan Katsina ba shi da shi: malaman nan da yawansu suna da halƙa a Harami bayan magariba, kowa na iya zama ya saurara. Na biyu, ina takardar za ta kai shi? Iƙamar yaro tana rataye ne da ta ubansa, ranar da aiki ya ƙare gida za a dawo. A Najeriya sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance shaidar da aka samo a waje kafin a yi zancen bautar ƙasa. Na san wani da ya dawo da ilimi kamar teku, ya shekara biyu yana yawo ofis-ofis da takardar da ba a san ajin da za a sa ta ba. Saboda haka kafin a shiga ƙaramar makaranta, a tambayi waɗanda suka fito daga cikinta ina aka karɓe su yin digiri na biyu.

Sammakon da ya fi amfani a nan na takardu ne. Minhar digirin farko tana da iyakar shekaru, daga 17 zuwa 25, kuma jami'o'i irin ta Madina ba sa son shaidar sakandare da ta wuce shekara biyar. Sai fasfo mai sauran kwana, da shaidar lafiya, da wasiƙun tazkiyya daga malamai, da fassarar Larabci ga wanda takardunsa na Turanci ne. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke fasfo da na shaida, Muhammad a nan Mohammed a can, ya isa ya cinye wa mutum shekara.

Uban ya jawo jakar ya zazzage ta a kan darduma, muka bi takardun ɗaya bayan ɗaya. A ta huɗu muka tarar an rubuta sunan kakan yaron da wani harafi daban. Uwar ta yi salati daga bayan labule.

"Gobe da safe ka je a gyara wannan," uban ya ce wa ɗansa. "In an yi magariba kuma ka same mu ni da kawunka a Ƙofar Sarki Fahad. Ka taho da littafin rubutu."