Tsutsar Ƙasan Teku da Yadda Take Samun Zuriya

Bayaninmu na yau a kan wata tsutsa ne da ke zaune a ƙarƙashin teku, da yadda take haihuwa, da kuma abin da ɗiyanta ke fuskanta kafin su girma.

A shekarar 1977 wasu masu bincike suka nutse cikin wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin, kusa da tsibiran Galafagos a Tekun Fasifik. A zurfin mita 2,500, inda hasken rana bai taɓa isa ba, suka tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi suna fitowa daga tsagogin dutse. A gefensu ga tsutsotsi cunkus, kowace tana cikin farin kube nata, kanta ja wur kamar an tsoma shi a jini. Tsawon wata yakan kai mita 2. Masana suka raɗa mata suna Riftiya.

To, ku saurara da kyau. Babbar tsutsar nan ba ta da baki, ba ta da hanji. A cikin jikinta akwai wata jaka cike da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Jan kan nata yana zuƙo iskar numfashi daga ruwan teku, yana kuma zuƙo wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, dangin farar wuta, daga ruwan maɓuɓɓuga. Jini ya kai wa baƙin nan nata, su kuwa su sarrafa abinci su ciyar da ita. Ke nan rayuwarta duka ta rataya ga maɓuɓɓugar.

Ga inda matsalar take. Maɓuɓɓuga ba ta dawwama. Wata takan toshe bayan ƴan shekaru, wata narkakken dutse ya malalo ya binne ta. Tsutsa kuwa a manne take da dutse, ba ta da ikon ƙaura. Idan ruwan ya ɗauke, duk wadda ke wurin ta mutu. Saboda haka zuriyar ba za ta ɗore ba sai ɗiyan sun tashi sun nemi wani mazauni.

Akwai maza a cikinsu, akwai mata. Namiji yana sakin maniyyinsa a ɗaure dami-dami, ya isa ga mace, ta ajiye shi a jikinta. Can ciki yake haɗuwa da ƙwai, sannan ta saki ƙwan cikin ruwa. Faɗin ƙwai ɗaya kamar kashi ɗaya cikin goma ne na milimita, amma cike yake da maiƙo. Maiƙon nan shi ne guzurin ɗan, shi ne kuma ke hana shi nutsewa da sauri. Sai igiyar ruwa ta ɗauke shi cikin duhu da sanyin da bai wuce digiri 2 ba. A cikin wannan sanyi yake rarrabuwa sannu a hankali, har ya zama ɗan mitsitsin abu mai gashi-gashi da yake iyo da shi.

Wani bincike da aka buga a 2001 ya nuna guzurin yana isar ɗan tsutsar kwana 38 ko kusa da haka, kuma a cikin wannan wa'adi ruwa na iya kai shi nisan kilomita 100. Wanda ya dace da maɓuɓɓuga mai rai ya tsira. Wanda guzurinsa ya ƙare a hanya ya halaka, kuma irinsa su ne mafi yawa. Shi ya sa uwa take sakin ƙwai masu ɗimbin yawa.

Ko wanda ya isa, da sauran aiki gabansa, domin uwa ba ta gadar masa da bakteriyan da za su ciyar da shi. A 2006 masana suka bayyana cewa bayan ɗan ya manne da dutse, bakteriyan da ke cikin ruwan wurin suna shiga ta fatarsa, su ratsa zuwa ciki, jakar nan ta ginu kewaye da su. Yana ƙarami yana da baki da hanji, amma da baƙin suka zauna sai bakin ya rufe, hanjin ya ɓace. Daga nan girma ya kankama. Bayan aman wutar da ya share wani yanki na ƙasan tekun a 1991, yamma da Meziko, an ga sababbin tsutsotsi sun kai mita ɗaya da rabi cikin ƙasa da shekara biyu, har sun isa haihuwa.

Akwai wata ƴar'uwarta mai suna Osedas, wadda aka gano a 2002 a gaɓar Kalifoniya ta Amurka, kan ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku. Ita ƙashi take ci, tana kafa saiwa cikinsa. Ɗan da ya sauka kan ƙashi yakan zama mace. Wanda ya sauka kan jikin mace sai ya zama namiji, ya tsaya ɗan ƙanƙane, ya zauna cikin kubenta. Mace guda takan ɗauki maza gommai. Da haka ba ta rasa miji a wurin da samun ƙashi kansa sai an dace.

Abin lura, ƴan'uwa, shi ne irin waɗannan maɓuɓɓugai suna tara tagulla da zinariya a bakinsu, kuma idon masu haƙar ma'adinai ya kai gare su. Japan ta gwada haƙa a tekun Okinawa a 2017. Halittun irin waɗannan wurare zango-zango suke yaɗuwa, kowace maɓuɓɓuga masauki ce ga ɗiyan maƙwabciyarta. Idan aka rushe na tsakiya, tazara ta fi ƙarfin guzuri, to waɗanda ke nesa ma za su wayi gari ba magaji. Wajibi ne a auna wannan tun kafin a kai ƙarfe wurin.

Nan za mu dakata.